Ruwan da Ya Zo Babu Hadari

A Dogon Dutsi kowa ya san na iya iyo. In damina ta yi ƙarfi tabkuna suka cika, wani abu ya faɗa ciki, ko tunkiya ce ko babur, ni ake aikawa a kira. "A nemo Bube Na-Teku." In an tambaye ni inda na koya, sai in ɗaga kafaɗa in ce Turawa ne suka koya mini can tsibiri. Ƙarya ce. Na daɗe ina maimaita ta, kuma ba ita ce ta farko da na yi a kan ruwa ba. Ta farkon ita ta raba wani bawan Allah da aikinsa a ranar da matarsa ta haihu, kuma labarinta nake son in ba da.

Ni ɗan ruga ne daga wajen Sukukutane, mun tashi da Hausa da Fulatanci a baki. Kiwo bai karɓe ni ba. Na gudu na zama karen mota, daga nan na zama direban kat-kat ɗin wani ɗan kasuwa, irin motar nan mai ratsa rairayi, ina jigila tsakanin Dutsi da Matankari da ƙauyukan da kwalta ba ta san da zamansu ba. Rairayi kam na san shi. Ina kallon launinsa in gaya maka ko zai ɗauki mota ko zai haɗiye ta. Ruwa kuwa iyakar sanina da shi rijiya, tabki, sai ƙoramar da ke gudu kwana ɗaya ta bushe. Maigidan da ya koya mini tuƙi ya ba ni doka guda a kansa: kafin ka shiga ƙorama da mota, dubi sama gabas da arewa. In babu hadari, shiga abinka, ka kwanta ma a ciki in ka ga dama. Shekara goma sha ɗaya ina tuƙi da wannan doka, ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Da na bar gida neman arziki, zangona na farko Dakar. Can wani ɗan ƙasarmu mai suna Tanimun yake zaune, mai zaƙin baki kamar ya sha zuma, shi ya yi mini alkawarin aikin direba a wani babban otel a ƙasar Kap-Ber, tsibiran da ke tsakiyar teku yamma da Senegal. Karsana biyu na sayar saboda maganarsa. Ya ba ni takarda mai tambari har uku, da lambar wani mutum da zai tare ni. Da na sauka na kira lambar, wata mace ce ta ɗauka, ta zazzaga mini masifa da harshen da ban taɓa ji ba, ta kashe. Takardar kuwa da na kai ƙofar otel, mai gadin ya juya ta gaba da baya, ya kira abokinsa suka yi dariya tare, ya maido mini da ladabi. Tanimun bai sake ɗaukar wayata ba har yau.

Daga babban tsibirin na hau jirgin ruwa zuwa wani ƙarami da aka ce ana gine-gine. Wannan tafiya ba na son tuna ta. Na kwanta a ƙasan jirgin na rungume ƙafar benci, na amayar da abin da na ci da wanda ban ci ba, ina ta kalmar shahada, yayin da mata ƴan tsibirin ke zaune gefena suna ɓare gyaɗa. Wata daga cikinsu ta jiƙa ɗankwalinta ta ɗora mini a goshi. Ban san sunanta ba, ban ma iya ɗaga kai na ga fuskarta da kyau ba.

Zango na biyu wata unguwa ce ta bukkokin kwano da katako a bayan gari, inda baƙi ƴan Afirka ta Yamma ke tarewa. Wata biyar ina ɗaukar bulo a wurin ginin otel. Shinkafa da kifi safe da yamma, har na fara mafarkin fura. In na kira gida, Inna ba ta faɗin sunana saboda ni ne ɗan fari, sai ta ce, "Kai, wai gaskiya na ruwa ya kewaye ku ta ko'ina? To kak ka kusance shi. Mu ba mutanen ruwa na ba." In ce mata ta kwantar da hankalinta, ni direba ne a otel. Lokacin nan kafaɗata duk ta saɓe da bulo.

A unguwar nan na gamu da Saliyu. Wata akuya ce ta shiga ɗakina ta cinye mini burodi, na fito ina zaginta da Fulatanci, zagi na gaske irin na makiyaya. Sai na ji wani ya fashe da dariya a bayana, ya amsa mini da Fulatancin da ya yi kama da namu amma ya karkace. Dogo ne, baƙi, da furfura kaɗan a gemu, Bafillacen Gine. Rabin maganarsa nake ganewa da farko, shi ma haka, amma rabin nan ya ishe mu. Ya ce in riƙa ce masa Koto, wato yaya a wajensu. Tun daga ranar matarsa Kadijatu ba ta sauke tukunya ba ta zuba nawa. Shi ya nuna mini inda ake sallar Juma'a, shi ya raka ni wurin ƴan sanda aka gyara mini takardun zama. Shekararsa tara yana tuƙi a wani ƙaramin kamfani mai yawo da baƙi masu yawon buɗe ido a cikin kat-kat.

Wata Lahadi ya ce in raka shi su jawo wata motarsu da ta kafe a tudun rairayi. Tsibirin nan, abin mamaki, rabinsa rairayi ne fari tas, tuddai bisa tuddai, ka ce wani ya kwaso hamada ya zuba a teku. Na tarar da ƙarti huɗu suna ta ba motar wuta, tana ƙara nutsewa. Raina ya ɓaci, don ba na iya kallon ana wulaƙanta mota. Na ce su matsa. Na sassauta iskar tayoyin, na share gabansu da hannu, na shiga na sa giya ta biyu, na lallaɓa ta kamar mai fitar da saniya daga laka. Ta fito. Mai kamfanin tana tsaye tana kallo, wata gajeruwar mace mai suna Dona Zulmira, mai muryar da ake ji daga nesa.

Washegari ta kira mu ofishinta. Tana magana da Kiriyol, harshen tsibirin, Koto Saliyu yana juya mini. Ta tambayi permi, wato lasin tuƙi, na nuna. Ta tambayi Faransanci, na ce ina taɓawa. Sai ta ce saura abu ɗaya, kuma shi ne babba. Kowace fita ana tsayawa baƙi su yi wanka a teku, ita kuwa ba ta ba da mota ga mutumin da ba zai iya shiga ruwa ya jawo baƙo ba.

Koto ya juyo ya dube ni. "Tana tambaya ko ka iya iyo."

Na tuna bulo. Na tuna abin da nake gaya wa Inna. Ban yi ko numfashi biyu ba na ce, "Na iya."

"Ka tabbata, ƙanena?"

"Haba Koto. Ƙasarmu fa akwai babban kogi."

Akwai kam. Sau biyu na taɓa ganinsa, ta tagar mota, daga kan gada.

Dona Zulmira ta nuna Koto da biro ta ce ita ba ta san ni ba, shi ta sani. In ya tsaya mini, ta ɗauke ni, kuma duk abin da na yi a wuyansa yake. Koto ya dafa ƙirjinsa ya ce ya tsaya mini. Kunya ta kama ni, amma murnar makullin mota ta danne ta.

Zango na uku shi ne aikin kansa, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗinsa. Da safe mu ɗauki baƙi a otel, motoci biyu, Koto a gaba ni a baya, mutum shida-shida a bencin baya. Mu ratsa wani fili mai jajayen duwatsu, mu hau tuddan rairayi in sauko da su a guje suna ihu suna dariya, mu tsaya wani ƙauye su ci abinci su sayi tarkace. Bayan azahar mu gangara bakin teku a yi wanka. A wurin tuƙi babu wanda ya kama ƙafata. Baƙi har tafi suke mini.

Wurin wankan ne azabata. Abu na farko, tsiraici. Mata da maza, tsofaffi sa'o'in kakata, su tuɓe a gabanka ba ko gezau, su bar ɗan ƙyallen da bai isa ɗaure kan tulu ba. Ni da ko a rijiya ban taɓa cire riga gaban mace ba, sai in rasa inda zan sa idona. Abu na biyu, ruwan da kansa, yana ta ruri yana tumbatsa ba dare ba rana. Kullum muna ajiye motoci can bisa tudu, bayan wani dutse, a taka da ƙafa zuwa ruwa. Koto ya tuɓe ya bi su, ya tsaya a ruwa iya ƙugu yana ƙirga kawuna. Ni kuwa kullum da uzurina. Yau zan duba mai, gobe taya ta yi sanyi, jibi zan yanka musu kankana. In uzuri ya ƙare in shimfiɗa darduma bayan mota in yi ta nafila, gabas kuwa Allah ya taimake ni tana sa in ba teku baya. Ban taɓa yawan ibada irin ta wannan lokaci ba, kuma ban sa ran lada a kanta.

Kowace safiya Dona Zulmira takan miƙa wa kowane direba wata ƴar takarda mai lambobi, lokacin hawan ruwa da lokacin saukarsa. Koto ya taɓa ce mini teku numfashi take yi, sau biyu a yini ta cika ta janye. Na gyaɗa kai kamar na sani. A raina na ce iska ce ke turo shi, in babu iska ina zai je? Na so in tambaya, amma wanda ya ce ya iya iyo ba ya tambaya a kan ruwa. Takardar kuwa da ita nake ƙulle sukarin shayi.

A mako na uku, muna wanke motoci, Koto ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Akwai wani wuri bayan tashar jiragen kamun kifi, ruwan bai wuce cibiya ba, babu kowa ran Lahadi da safe. In kana so mu riƙa zuwa, mu biyu kawai."

Na gane sarai abin da yake nufi. Mutumin nan ya buɗe mini ƙofa, ya kau da kai don in shige ba tare da kunya ba. Da na ce to, da labarin nan bai kai a rubuta ba. Amma girman kai rawanin tsiya ne. Na ce, "Me zan je yi, Koto? Ni fa sanyin ruwan nan ne kawai ba na so."

Ya ci gaba da goge gilashi. Ya ce, "To, ƙanena." Bai sake tayar da maganar ba.

Wata biyu da fara aikina, ranar wata Talata da asuba, naƙuda ta kama Kadijatu. Koto ya buga mini ƙofa yana sauri. Ya ce baƙin yau shida ne kacal, mota ɗaya ta isa, Dona ta ce in tafi da su ni kaɗai. Ya riƙe mini hannu ya ce, "Ka ji ni da kyau. Ka ajiye mota inda muka saba. Kada ka kai su babban ruwa, ka kai su ɗan tafkin nan na gefen dutse inda yara ke wasa. Kuma ka duba takardarka." Na ce ya tafi kawai, Allah ya sauke ta lafiya.

Cikin baƙin akwai wata tsohuwa Bafaransa, Madam Odet, ta haura saba'in, farin gashi kamar auduga, tana dogara sanda saboda ciwon gwiwa. Ita na zaunar a gaba kusa da ni. Duk hanya tana tambayata labarin gida, har na ba ta labarin shanunmu da sunayensu. Da muka iso inda muke ajiye mota, ta dubi nisan rairayin da za a taka, ta yi murmushi ta ce su je abinsu, ita za ta jira a mota. Ta ce shekara uku ke nan rabonta da shiga teku, ƙafar ba ta kai ta.

Tausayi ya kama ni, wannan gaskiya ne. Amma akwai son a sani a ciki, wannan ma gaskiya ne. Yau babu Koto a gaba, ni ne mai hanya. Na leƙa ƙasa na ga ruwa ya ja baya sosai, ya bar fili mai faɗi, damshi, a daddaɓe kamar daɓen ɗaki. Can gaba akwai wani lungu mai kyau, dutse ya kewaye shi ta baya, hanyar shigarsa ɗaya ce, ta gaban wani hancin dutse da ya miƙo wajen teku. Na yi abin da aka koya mini. Na fito na dubi sama gabas, na dubi arewa, har yamma da kudu na duba don ƙarin tabbaci. Sama wasai, ko gajimare ɗaya babu, iska ma ta kwanta. Na ce, "Madam, yau har bakin ruwa zan kai ki."

Na gangara da su, na zagaya hancin dutsen, na tsayar da mota taku kaɗan daga ruwa. Suka yi mini tafi. Madam Odet ta sumbaci hannunta ta dafa mini kai. Da suka fara tuɓewa na ɗauki dardumata da kayan shayi na tafi can gindin dutse, na ba su baya. Na yi sallah, na hura gawayi, na warware takardar Dona na zuba sukarin da ke ciki a buta. Na sha na fari, na sha na biyu. Ina jin dariyarsu a bayana, ina jin kaina wani babban mutum.

Wani saurayi daga cikin baƙin ne ya taɓa kafaɗata yana nuna mota. Na waiwaya. Ruwa yana lasar tayoyin gaba.

Abin da na fara yi, don ku san irin jahilcin, sama na sake dubawa. Tana nan wasai. Na ruga na tayar da mota na sa ribas, tayoyin suka juya a wuri ɗaya suka tona rami. Na sauka na sassauta iska, dabarar da ba ta taɓa ba ni kunya ba. Amma wannan ba rairayin da na sani ba ne. Kowace igiyar ruwa in ta zo ta koma sai ta kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin taya, motar ta ƙara zama. Baƙin suka taru suna turawa, muna tona da hannu, ruwan yana cike abin da muka tona. Kafin a jima ya kai ƙofa, injin ya yi tari biyu ya mutu.

Sai saurayin nan ya nuna hanyar da muka shigo. Babu ita. Inda na bi da mota ɗazu ruwa ne ke dukan hancin dutsen yana fari. Bayanmu dutse ne miƙaƙƙe wanda ko akuya ba ta hawa. Suka yi shawara da sauri, suka ɗaura jakunkunansu a ka, suka shiga ɗaya bayan ɗaya. Abin bai fi taku arba'in ba, kuma a wurinsu wasa ne. Madam Odet ta jefar da sandarta a bayan mota ta ce, "Muje, Bube."

Na tsaya ruwa iya gwiwa, da rigata da wandona da takalmi. Ƙafafuna suka ƙi. Ni ne aka ɗauka aiki don in jawo baƙo in ruwa ya ja shi. Na buɗe baki, da ɗan Faransancina, na faɗi abin da ban iya faɗa wa Koto da harshen uwata ba.

"Madam, ban iya ba."

Ta dube ni. Ta ce in cire takalmi in riƙe kafaɗarta. Muka shiga. Ruwa ya kai ciki, ya kai ƙirji. Daidai hancin dutsen wata igiya ta zo ta ɗauke ƙafafuna, ƙasa ta ɓace. Na sha ruwan gishiri, na ga duhu, na ga haske, na sake shan wani. An ce wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa zai kama. Ni wuyan tsohuwar nan na kama, da hannu biyu, na danna ta ƙasa ina neman hawa kanta. Sai na ji mari a kunne, mari mai kyau, wanda rabona da irinsa tun ina karen mota. Na sake ta. Ta juya ni rigingine, ta saƙalo haɓata da hannu ɗaya, tana cewa a kunnena, "Kwanta, yaro. Kwanta kawai." Matar da ba ta iya taku ashirin a tudu, a ruwa ta fi kifi. Haka ta ja ni har inda sauran suka kama ni.

Na durƙusa a rairayi ina amai, baƙi shida tsirara-tsirara sun kewaye ni suna shafa mini baya. Wuyan Madam Odet duk shaidar farcena. Daga inda muke muna hango rufin motar Dona Zulmira, ruwa yana hawa yana sauka a kansa. Da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige, in ja ta in rufe.

Zango na ƙarshe ofishin Dona, da magaribar ranar. An riga an mai da baƙin otel, sun kuma faɗi duk abin da ya faru. Koto yana tsaye, daga asibiti aka kira shi, Kadijatu ta haifi mace da hantsi. Dona ba ta yi ihu ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta ce mota ta tafi, wannan ɗaya. Na kusa kashe mata baƙuwa, wannan biyu. Ta ambaci ƴan sanda. Sannan ta tambaye ni da Faransanci, don kada maganar ta bi ta bakin Koto.

"Saliyu ya san ba ka iya iyo ba?"

Ga abin da ya kamata in ce. Ranar da ya tsaya mini bai sani ba, ni na yi masa ƙarya ido da ido. Da ya gane ya nemi ya koya mini na ƙi. Yau da asuba ya gaya mini inda zan ajiye mota na saɓa. Duk wannan yana bakina. Amma kalmar ƴan sanda tana yi mini ƙara a kunne, ina ganin kaina a kurkukun ƙasar da ko sunanta Inna ba ta iya faɗa. Na ga in kayan ya rabu biyu zai fi sauƙin ɗauka. Na sunkuyar da kai na ce, "Ya sani."

Kalma biyu. Ba ƙarya ba ce, kuma ta fi duk ƙaryar da na taɓa yi muni.

Dona ta juya wajensa. Koto ya dube ni, ba da fushi ba, kallon da mutum ke yi wa hanyar da ya saba bi ya tarar ta rufe. Ya ce da Kiriyol, a hankali yadda har ni na gane, "E, na sani." Bai ƙara ko harafi ba. Ta miƙa hannu, ya ciro makullin da ya riƙe shekara tara ya ajiye mata a tebur. Ni ko kallona ba ta sake yi ba, ƴan sandan ma ba ta kira ba.

Kwana shida ban fita ba sai da dalili, ina zagayawa ta bayan bukkoki don kada in bi ta ƙofarsa. Kwanon abinci kuwa bai fasa zuwa ba, maƙwabciyarsu ke kawowa ta ajiye. Na ji labari Koto ya koma tashar kamun kifi yana sauke akwatunan ƙanƙara, da furfurarsa. Ran suna da safe ya zo da kansa ya tsaya a ƙofata cikin farar riga. Ya ce, "An taru, baffan yarinya bai zo ba." Na bi shi kamar akuyar da aka ja da igiya. Aka raɗa suna, aka miƙo mini nama, na tauna na tauna ya ƙi wucewa.

Da Lahadi ta zagayo ya sake buga ƙofa, da gajeren wando biyu a hannu. Ya jefo mini ɗaya ya ce in biyo shi. Muka tafi wurin nan na bayan tasha. Babu kowa. Na tsaya a bakin ruwan na fara, "Koto, abin da na faɗa a ofis..."

Ya ce, "Cire riga."

Na cire. Muka shiga har cibiya. Ya sa tafin hannunsa a bayana ya ce in kwanta, in saki jiki, yana riƙe da ni. Na kasa. Ba tsoron ruwa ne ya hana ni ba a wannan karon. Yaya zan ɗora nauyina duka a hannun mutumin da na riga na ɗora wa abin da na ɗora? Hawaye suka zubo mini, na ce, "Don Allah me ya sa kake yi mini haka? Ka zage ni mana. Ka mare ni, ko tsohuwar nan ta mare ni."

Bai janye hannunsa daga bayana ba. Sannan ya ce, "Na dafa ƙirjina na gaya wa matar nan ka iya iyo. Ba na son maganata ta zauna tana ƙarya. Kwanta."

Na kwanta. Lahadi goma sha ɗaya muka yi. A ta ƙarshe ya tsaya a tudu da rigarsa, na je har inda jiragen ke ɗaure na dawo ni kaɗai. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, yanzu na yi gaskiya." Aikinsa kuwa bai dawo ba. Na je wurin Dona sau biyu don in faɗi sauran maganar, ba ta yarda ta gan ni ba. Da na haɗa kuɗin jirgi na dawo gida, shi na baro shi yana ɗaukar ƙanƙara.

Yanzu ina tuƙi tsakanin Dutsi da Gesheme, ranar kasuwa in ɗauko gero da dawa. Bara da damina tunkiyar wani tsoho ta faɗa tabki, na shiga na fito da ita, mutane suka taru suna sa mini albarka. Tsohon ya ce, "Kai ɗan nan, wa yak koya maka wanga abu? Mu nan ba mu gada ba." Na buɗe baki zan ce Turawa, kamar kullum, sai maganar ta tsaya mini a wuya kamar naman sunan nan. Na matse rigata na tafi.

To ga amsar, Baba mai tunkiya, ko da ta makara. Sunansa Saliyu, Bafillacen Gine ne, yayana ne. Shi ya koya mini, bayan na ci amanarsa.